Waiwaye: Yadda Dokar Bayar da Kwangila ta Taso Daga Abuja Zuwa Kebbi

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, babu wata doka guda da ta tsara yadda gwamnati za ta sayi kaya ko ta bayar da aiki a Najeriya. Kwamitocin tantance kwangila na ma'aikatu ne ke yanke hukunci bisa ƙa'idojin kuɗi na gwamnati, waɗanda mai mulki ke iya tsallakewa da alƙalaminsa, shi ya sa aringizon farashi da karɓar kashi goma cikin ɗari suka zama ruwan dare.

Sauyi ya fara ne bayan komawa mulkin farar hula a 1999, sa'ad da gwamnatin Obasanjo tare da Bankin Duniya suka binciki tsarin, suka gano cewa ta ƙofar kwangila dukiyar jama'a ta fi zurarewa. A 2001 aka buɗe ofishin bin ƙa'ida a fadar shugaban ƙasa, wanda Oby Ezekwesili ta yi suna a shugabancinsa, amma umarni ne kawai ya kafa shi. Sai a watan Yunin 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a Dokar Sayen Kayan Gwamnati, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnatin tarayya, ta wajabta tallata aiki da buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, ta kuma ƙayyade kuɗin kafin alƙalami a kashi 15 cikin ɗari, kafin Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30 ga 'yan kwangilar cikin gida. Abin takaici shi ne, majalisar ƙoli da dokar ta ce ita za ta kula da tsarin ta shafe fiye da shekara goma ba a ƙaddamar da ita ba, majalisar zartarwa ta ci gaba da amincewa da manyan kwangiloli kamar da.

Dokar ta tarayya ce, ba ta hau kan kuɗin jihohi ba, don haka kowace jiha sai ta yi tata. Da yawa sun yi jan ƙafa har 2018, lokacin da shirin SFTAS na Bankin Duniya, mai neman jihohi su riƙa bayyana yadda suke kashe kuɗi, ya ɗaura tallafinsa a kan gyaran dokar kwangila da wallafa ayyukan da aka bayar a intanet.

A ganina nan ne gizo ke saƙa, domin wallafawa daban, duba aiki daban. Manomin fadamar Argungu ko Yawuri da ya ga ambaliyar 2020 ta tafi da gadoji da kwalbatoci ba ya buɗe shafin gwamnati. Abin da yake gani shi ne allon da ake kafawa a bakin aiki, mai ɗauke da sunan ma'aikatar gwamnati da na kamfani, wanda sau da yawa ba ya nuna kuɗin aikin ko ranar kammalawa. Idan aka rage siminti ko aka yanka babban aiki gunduwa-gunduwa domin kauce wa tantancewa, injiniyan da ya sa hannu a takardar biya ne kaɗai ya sani.

Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa batun nauyi, domin Kebbi na da ƙananan hukumomi 21, kuma a matakinsu ake bayar da aikin rijiyar burtsatse da ajujuwa da ɗakin shan magani, inda ƙwararrun jami'an sayen kaya da masu binciken kuɗi suka fi ƙaranci.