Waiwaye: Zaɓen Greenland, tsakanin kifi da 'yancin kai

Da mutanen Greenland suka fita zaɓe ranar 11 ga Maris, 2025, idon duniya na kan Donald Trump da maganarsa ta mallakar tsibirin. Su kuwa masu ƙuri'ar, abin da ya ishe su ya girmi Trump nesa ba kusa ba.

Tun 1721 Denmark ta kafa ƙafa a wannan ƙasa ta ƙanƙara. A 1953 aka daina kiranta ƙasar mallaka, aka mayar da ita yanki na Denmark, ba tare da an tambayi 'yan ƙasar ta hanyar ƙuri'a ba. A shekarar ce kuma aka tashi Inuit, 'yan asalin tsibirin, da ke yankin Thule a arewa daga matsuguninsu saboda sansanin sojan Amurka. Daga baya aka riƙa saka wa dubban mata da 'yan mata abin hana ɗaukar ciki, da yawansu ba da saninsu ba. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane zafin kalmar 'yanci a bakin ɗan Nuuk, babban birnin Greenland, ba.

Mulkin cikin gida ya zo a 1979, tare da majalisar Inatsisartut mai kujeru 31 a yau. Jam'iyyar Siumut ta riƙe ragama shekara 30 cur, kuma a zamaninta ne tsibirin ya fice daga Tarayyar Tattalin Arzikin Turai a 1985, kan rigimar kamun kifi. Dokar 2009 ta ba su iko da ma'adinansu, ta kuma amince za su iya ɓallewa idan sun zaɓa.

To amma da wane kuɗi? Nan gizo ke saƙar. Mutum kusan dubu 57 ne, kuma duk shekara Denmark na turo musu kimanin krona biliyan 4. Kusan duk abin da suke fitarwa waje kifi ne da jatan lande. Shi ya sa kowane zaɓe ke komawa kan hanyar samu. A 2013 majalisa ta ɗage haramcin haƙar yuraniyom da ƙuri'a 15 kan 14. A 2021 jam'iyyar Inuit Ataqatigiit ta ci zaɓe da alkawarin hana aikin ma'adinai kusa da garin Narsaq, inda makiyayan tumaki ke tsoron gurɓatar ƙasarsu, ta kuma dawo da haramcin.

A 2025 sabuwar dokar kamun kifi da ta ɓata ran masunta na cikin abin da ya kayar da gwamnati. Jam'iyyar Demokraatit, mai ra'ayin a bi batun 'yanci a sannu, ta samu kujeru 10. Naleraq, mai son a gaggauta rabuwa, ta samu 8. Shugaban Demokraatit, Jens-Frederik Nielsen, ɗan shekara 33 a lokacin, ya haɗa gwamnatin jam'iyyu huɗu, aka bar Naleraq ita kaɗai a adawa. Ranar da suka sa hannu kan yarjejeniyar haɗakar, 28 ga Maris, mataimakin shugaban Amurka JD Vance ya sauka a Pituffik, sansanin sojan Amurka da ke yankin Thule, ba tare da gayyatarsu ba.