Tambayoyi kan gidan Louvre na birnin Faris

Tun asali gidan ajiye zane-zane ne?

A'a. Ganuwa ce da Sarki Philippe Auguste ya gina wajen 1190 a bakin kogin Seine don tsare Faris. Daga baya sarakuna suka mai da wurin fada, har Louis na 14 ya tashi ya koma Versailles a 1682. Sai a lokacin juyin juya halin Faransa aka buɗe wa talakawa ƙofa, ranar 10 ga Agusta 1793, da zane 537.

Me ya sa kowa ke rububin ganin Mona Lisa, zanen hoton wata mata?

Sata ce ta ƙara mata suna. Ranar Litinin 21 ga Agusta 1911, gidan yana rufe, wani ɗan Italiya mai suna Vincenzo Peruggia, wanda ya taɓa aiki a wurin, ya sauke ta daga bango ya fice abinsa. Sai washegari aka farga. Jaridu suka yi ta yayatawa, mutane suna layi don kallon bangon da ba komai. Shekara biyu tana ɓoye a ɗakinsa, kafin a kama shi a Florence a Disamba 1913 yana neman mai saye.

Ya ce kishin ƙasa ne ya sa shi, wai Napoleon, tsohon sarkin Faransa, shi ne ya ƙwace ta daga Italiya. Ba haka ba ne. Leonardo da Vinci, wanda ya zana ta, da kansa ya zo da ita Faransa a 1516.

Ya kayan suka tsira a yaƙin duniya na biyu?

Jacques Jaujard, wani babban jami'in gidajen tarihi na Faransa, ya sa aka kwashe su cikin akwatuna tun Agustan 1939, aka fara kai su fadar Chambord. Da Jamusawa suka mamaye Faris, sun tarar da yawancin ɗakunan wayam.

To, babu kayan ganima ke nan a gidan?

Akwai, kuma wannan ne ke ci mini rai. Zanen da ya fi kowane girma a gidan, na mai zane ɗan Italiya Veronese, mai nuna bikin aure a Kana, faɗinsa kusan mita 10, sojojin Napoleon ne suka ɓamɓaro shi daga wani gidan ibada a Venice a 1797. Da mulkinsa ya faɗi a 1815 an mayar da kaya da yawa ga masu su, amma wannan aka ce ba zai jure tafiya ba, aka ba da wani zanen a madadinsa. Yau yana rataye a ɗaki ɗaya da Mona Lisa, suna fuskantar juna, kuma yawancin baƙi baya suke ba shi suna ɗaga waya.