Waiwaye: Yadda katanga ta zama farkon gini kuma farkon abin rushewa a Abuja

Wanda duk ya bi hanyar filin jirgin sama ta Lugbe, ko ya ratsa ta bayan Gwarimpa, ya san irin filayen nan: an zagaye su da bulo, an kafa ƙofar ƙarfe, an yi ɗan ɗakin maigadi a kusurwa, ciki kuwa masara ce da rogo. Wasu sun shekara goma a haka. A jikin katangar sau da yawa za ka ga rubutu iri biyu. Ɗaya na mai fili ne, yana gargaɗin cewa wurin nan ba na sayarwa ba ne. Ɗayan na hukuma ne, da jan fenti, an zana alamar gicciye an rubuta kwanan wata.

Kawuna yana da irin wannan fili a wani ƙauye da gari ya cim ma. Ranar da ya biya kuɗin, tun kafin tawadar takardar ciniki ta bushe ya kira birkila. Na ce masa, “Kawu, da ka bari an yi zanen gidan tukuna, a kai a sa hannu.” Ya dube ni ya ce, “Kai yaro, a garin nan filin da ba katanga na kowa ne. Kafin a sa maka hannu an sayar da shi sau uku.” A lokacin na ɗauka gaggawa ce irin ta manya. Daga baya na gane cewa tarihin shekara hamsin ne ya dunƙule mini a magana ɗaya.

A wurin Bahaushe gida daga katanga yake farawa. Ko ta ƙasa ce, ko darni ne na kara, ko zana, ita ce ke raba waje da ciki, ita ce suturar iyali, shi ya sa baƙo yake tsayawa a zaure. A da, iyaka tsakanin maƙwabta magana ce ta mai unguwa da dattawan da suka san inda tsohuwar bishiya take. Takarda ta shigo ne da Turawa. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, ita ce ta raba unguwar Turawa da ta ’yan ƙasa, aka bar fili na yadi 440 a tsakani wanda ba a yarda kowa ya yi gini a ciki ba. A 1946 aka kawo dokar tsara birane da karkara, wadda aka ɗebo daga ta Ingila ta 1932. Tun daga nan talaka ya san dokar gini a matsayin abin da ke kare unguwar manya, yana kuma haɗuwa da ita ne kawai ranar da aka zo hana shi wani abu. Wannan kallon bai gushe ba har yau, kuma ban ga laifin mai yin sa ba.

Abuja ta zamani kuwa a kan takarda aka haife ta. A 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari’a Akinola Aguda don duba batun sabon babban birni. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 ya sanar da ƙasa cewa za a bar Legas, kwana goma bayan nan aka kashe shi. Doka mai lamba 6 ta 1976 ta yanko ƙasa kusan murabba’in kilomita 8,000 daga yankunan da suka zama jihohin Neja, Filato da Kwara, ta kafa hukumar raya birnin, wato FCDA, ta kuma damƙa ƙasar gaba ɗaya a hannun gwamnatin tarayya. Har sunan ma aro aka yi: tsohon garin Abuja na zuriyar sarakunan Zazzau ya koma Suleja. Wannan damƙawa ita ce tushen komai. A jihohi, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da filayen karkara. A Abuja babu wannan ƙofa.

A 1979 wani gungun kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates ya miƙa babban tsarin birnin, daga baya Kenzo Tange, ɗan ƙasar Japan, ya zana tsakiyar gari. An kasa aikin mataki huɗu, na farko ya ƙunshi Garki, Wuse, Maitama, Asokoro da tsakiyar birni. An yi lissafin mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da ƙarshen ƙarshe kuma miliyan uku da ’yan kai. Masu zanen sun hango gari buɗaɗɗe: an bar bakin rafuka da gindin duwatsu a matsayin wuraren shan iska, an ware hanyar bututun ruwa, ta bahaya da ta wayar lantarki, kowace unguwa da makarantarta da kasuwarta. Wanda ya san unguwannin Area 1 ko Area 2 na Garki a shekarun farko zai tuna cewa yaro kan fito daga wannan bene ya ratsa ta bayan wancan har makaranta, babu bangon da zai tare shi.

Sai dai ƙasar da aka zana wa tsarin da masu ita. Gbagyi, Koro, Gade, Gwandara, Bassa da Ganagana suna zaune a ɗaruruwan ƙauyuka. Shawarar farko ita ce a kwashe su duka a fitar da su daga yankin. Da aka lissafa kuɗin diyya, gwamnatin Obasanjo ta sauya a 1978, aka ce waɗanda aiki ya taɓa kawai za a tayar. Daga baya aka gwada barin wasu a inda suke, irin su ƙauyen Garki, sannan aka sake komawa batun tayarwa. A cikin wannan kai da kawowa ƙauyukan suka zauna daram, kuma su ne suka karɓi birkiloli, direbobi, masu gadi da ’yan kasuwar da suka gina birnin amma ba a tanadar musu wurin kwana a cikinsa ba. Haka aka samu kasuwar fili iri biyu a gari ɗaya: ta Ministan Abuja, mai lambar fayil da dutsen safiyo, da ta dagaci da dillali, mai takardar ciniki da shaidu biyu.

Da Janar Babangida ya tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, ma’aikata suka kwararo fiye da yadda gidaje za su ɗauka. Shekara ɗaya bayan haka aka yi doka mai lamba 88 ta 1992 kan tsara birane da yankuna, wadda ta maye gurbin ta 1946. Ita ce ta shimfiɗa abin da ake bi yanzu: ba a fara gini sai da izini, hukuma na iya tsayar da aiki, ta ba da takardar gargaɗi, ta kai ga rushewa, wanda kuma bai gamsu ba yana da kotun musamman da zai kai kuka. An so dokar ta hau kan ƙasa baki ɗaya, amma Jihar Legas ta kai ƙara, a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Abuja ce ta rage a hannun tarayya kai tsaye. Shi ya sa mai gini a Nyanya ta Abuja da mai gini a Mararaba ta Jihar Nasarawa, waɗanda tafiyar ƙafa ce tsakaninsu, hukumomi daban suke fuskanta.

A yau sashen kula da gine-gine, wanda mutanen gari ke kira Development Control, shi ne ke ba da izini. Abin da yake nema a rubuce ba baƙo ba ne: takardar mallakar fili, taswirar safiyo, zanen gida daga hannun ƙwararre mai rajista, lissafin injiniya kan ƙarfe da siminti, da shaidar biyan kuɗaɗen hukuma. Katanga ma a cikin zanen take. Tana da iyakar tsawo, tana da layin da ba za ta ƙetare ba ta gefen titi, kuma ba ta hawa kan magudanar ruwa ko hanyar bututu. Ƙarƙashin babbar wayar lantarki mai ƙarfin kilobolt 330, mita 25 ake bari kowane gefe. Ni dai ban ga aibu a ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Matsalar tana kan abu na farko a jerin. In ba ka da takardar da ta fito daga ofishin Minista, babu tagar da za ka miƙa zanenka, komai kyansa. A 2008, a shari’ar Madu da Madu, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa a Abuja babu mallaka irin ta gargajiya, Minista kaɗai ke ba da fili. Ƙananan hukumomin nan shida, AMAC ta cikin birni, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, sun riga sun raba filaye masu ɗimbin yawa kafin nan. Tun 2006 aka ce masu irin waɗannan takardu su kawo a tantance, mutane suka kai, kuma ƙalilan ne suka ga ƙarshen tantancewar. Mutumin da ke cikin wannan jira ba zai iya neman izinin gini ba, ba zai kuma iya barin fili a buɗe ba. Sai ya ja katanga, ita ce shaidar mallakarsa.

Zamanin da ya fi zama a bakin mutane shi ne na Malam Nasiru El-Rufa’i, Minista daga 2003 zuwa 2007, wanda har laƙabin Mai Rusau ya samu. Ya ce zai maido da birnin kan tsarinsa na asali. Aka kafa AGIS don mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, aka sa kowa ya sabunta takardarsa, katafila kuma ta shiga aiki. Ta taɓa gidajen manya da aka ɗora kan bututun ruwa, wannan gaskiya ne, kuma shi ya ba aikin kwarjini. Amma nauyin ya fi sauka a kan unguwanni irin su Idu da Karmo, inda dubban iyalai suka wayi gari a fili. Yawancinsu ba su bar Abuja ba, sun matsa gaba ne kawai, zuwa Mararaba, Masaka, Madalla da Suleja, ko wani ƙauyen da katafila ba ta kai ba tukuna, suka sake saye a hannun dagaci.

A wannan zamanin ne kuma, daga 2005, gwamnati ta sayar da gidajenta ga ma’aikata. Ba a cika kawo wannan a maganar katanga ba, alhali ya sauya fuskar Garki da Wuse sosai. Wanda ya zama mai gida sai ya kewaye abinsa, ya haɗa da ɗan filin da ke gabansa, wani ya toshe ’yar hanyar da yara ke bi, wani ya fasa shago a jikin bangon.

Sannan tsoro ya zo. Bam ɗin 1 ga Oktoba 2010 kusa da Dandalin Eagle, na hedikwatar ’yan sanda a Yunin 2011, na ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Agustan wannan shekarar, na tashar Nyanya a Afrilun 2014. Ofisoshin gwamnati da kansu suka ƙara tsawon bango, suka jera tubalan kankare har kan titi. Daga baya satar mutane ta iso gefen Bwari da Kuje. Wa zai ce wa magidanci ya rage katangarsa alhali ma’aikatar da ke kusa da shi ta ninka tata? Aka ƙara layin bulo, aka ɗora waya mai ƙaya, masu hali suka sa ta lantarki, ka’idar tsawo ta zama abin da ake tunawa da shi sai an yi faɗa da maƙwabci.

Inda nake rabuwa da masu cewa a ƙyale kowa ya yi yadda ya so shi ne maganar ruwa. A layinmu wani ya ja katangarsa ta haye lambatu, ya bar ’yar kafa da ba ta fi bakin bokiti ba. Daminar farko, ruwan dare ɗaya, muka tashi katifu na yawo a tsakar ɗaki. Na ga wata tsohuwa tsaye cikin ruwa har gwiwa, ta ɗaga buhun shinkafa a ka, tana kiran jikokinta ɗaya bayan ɗaya don ta tabbatar sun cika. Taku uku na fili ya jawo wannan. Abin da ya faru a rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe ranar 23 ga Yuni 2023, inda ruwa ya shanye gidaje sama da ɗari har hukuma ta ayyana wurin a matsayin yankin bala’i, babban hoton abin da ke faruwa a ƙananan layuka ne kowace damina. Layukan da aka ja a 1979 a bakin rafuka suna da dalili, ruwa kuma bai san takardar dagaci ba, bai san ta Minista ba.

Nyesom Wike ya karɓi ofishin Ministan Abuja a Agustan 2023 da irin muryar 2003. A watan Satumba ya soke filaye 165 saboda masu su ba su gina ba, a Maris na 2025 kuma aka sanar da soke takardu 4,794 kan bashin harajin ƙasa na fiye da shekara goma. Sharaɗin da ke jikin takardar fili tun asali shi ne a gina cikin shekara biyu, kuma zagaye wuri da bulo da ajiye maigadi ba ya cika wannan sharaɗi. Wannan ya dace da masu riƙe filayen Maitama da Guzape suna jiran farashi ya hau. Amma abin da nake jira ban gani ba tun zamanin Mai Rusau shi ne jami’in da zai zo ranar da ake haƙa tushe, da igiyar awo a hannu, ya ce wa birkila ja baya taku uku, ga hanyar ruwa nan. Ya yi haka ko da takardar mai filin ba ta gama fita ba. Yanzu sai an kai linta, an zuba kuɗin shekara biyar, sannan jan fenti ke zuwa.

Filin Kawu yana nan. Takardarsa tana cikin waɗanda aka miƙa don tantancewa, yana ajiye da rasit ɗin a cikin leda a ƙasan akwati. Bara wani ɓangaren katangar ya zube saboda ruwa ya ci gindinta, cikin mako ɗaya ya sayi bulo ɗari biyu ya tayar da ita. Da na je duba shi, na tarar da shi zaune a inuwar ɗakin maigadi yana kallon masararsa. Ya nuna mini kusurwar gabas da sandarsa ya ce, “Nan zaure zai zauna, in Allah ya yarda.”