Zaɓen 'yan wasa a fim ɗin Sweeney Todd na 2007

Sweeney Todd: The Demon Barber of Fleet Street fim ne na waƙe-waƙe da Tim Burton ya ba da umarninsa, aka fara nuna shi a Amurka a watan Disamba na 2007. An ɗauko shi ne daga wasan dandamali mai wannan suna, wanda Stephen Sondheim ya tsara kiɗansa da waƙoƙinsa, Hugh Wheeler ya rubuta labarinsa, aka buɗe shi a Broadway, cibiyar wasannin dandamali ta birnin New York, a 1979. Tun ba a fara ɗaukar fim ɗin ba ake muhawara a kan 'yan wasan da aka zaɓa, domin an ɗora ɗaya daga cikin kiɗan dandamali mafi wuyar rerawa a wuyan mutanen da kusan dukkansu ba mawaƙa ba ne.

Labarin da nauyinsa

Labarin wani wanzami ne na birnin Landan, Benjamin Barker, wanda alƙali Turpin ya yi wa sharri ya tura shi ɗauri Ostireliya don ya samu hanyar kaiwa ga matarsa. Bayan shekara 15 ya dawo da sunan Sweeney Todd don ɗaukar fansa, ya buɗe shago a saman ɗakin Misis Lovett mai sayar da mitfai a titin Fleet. Da alƙalin ya kuɓuce masa, sai ya koma yanka masu zuwa aski, ita kuma tana sarrafa naman tana sayar wa jama'a. Asalin tatsuniyar ya fito ne a wata mujalla mai arha ta Ingila a 1846 zuwa 1847, sannan Christopher Bond ya sake gina ta a wasan kwaikwayo, ya ba wanzamin dalilin ɗaukar fansa.

Mafi yawan wasan dandamalin rerawa ake yi, magana kaɗan ce. Matsayin Todd an rubuta shi ne don namiji mai kakkaurar murya da za ta cika zaure, kamar ta Len Cariou da ya fara taka shi. Na Misis Lovett kuwa, wanda Angela Lansbury ta fara takawa, yana buƙatar saurin harshe da iya ban dariya a lokaci guda. Wasan ya ci lambar Tony, kyautar wasannin dandamali ta Amurka, guda 8.

Wanda ya saba da finafinan Indiya da na Hausa, inda mawaƙi ke rerawa a situdiyo jarumi ya bi da baki, zai iya cewa ina abin damuwa a nan. Hollywood ma ta daɗe tana yin haka. Amma a wannan fim kowane ɗan wasa da muryarsa aka ji shi, an dai naɗi waƙoƙin tun da farko sannan suka bi su a gaban kyamara. Dalilin shi ne waƙoƙin Sondheim su ne hirar labarin: a cikinsu ake ciniki, ake ƙulla makirci, ake yanke shawarar kisa.

Johnny Depp

Kafin Burton, an alaƙanta aikin da darakta Sam Mendes, kuma John Logan ne ya rubuta labarin fim ɗin. Da Burton ya karɓa a 2006, sai ya nufi Johnny Depp, wanda wannan ne aikinsu na shida tare tun daga 1990. Sondheim yana da ikon amincewa ko ƙin waɗanda za su taka manyan matsayi biyu, kuma ya amince da Depp tun bai ji waƙarsa ba. An san Sondheim da fifita ɗan wasan da zai iya waƙa a kan mawaƙin da ke ƙoƙarin wasa.

Kasada ce ta gaske. Depp ya yi ƙuruciyarsa yana kaɗa jita a wata ƙungiya a jihar Florida, amma ba shi ne mai rerawa ba, kuma a wani fim na waƙa da ya yi a 1990 muryar wani aka ɗora masa. Bai nemi malamin waƙa irin na dandamali ba. Ya shiga situdiyo ne da tsohon abokinsa na ƙungiyar, Bruce Witkin, suka yi ta naɗar gwaji har ya samu muryar da ya gamsu da ita.

Muryar da ta fito siririya ce idan an gwada da ta Cariou, tana da kaushi irin na mawaƙan zamani, kuma sau da yawa raɗa take yi. A zaure mai ɗaukar mutum dubu ba za ta kai layin baya ba. To amma kyamara tana zuwa har kan fuska, makirfo kuma yana kama numfashi. Inda Todd ke yi wa asakensa waƙa kamar yana lallashin masoyiya, wannan ƙaramar murya ta fi babbar tayar da tsigar jiki. Inda ya fusata ya yanke cewa duk ɗan Adam ya cancanci mutuwa, nan ne ake jin rashin ƙarfinta, kuma ayarin makaɗa ne ke cike giɓin: Jonathan Tunick ya faɗaɗa su daga 27 na dandamali zuwa 78. Ana yawan cewa Burton ya mai da Todd matashi, alhali Depp yana da shekara 43 lokacin ɗauka, ya ma girmi Cariou na 1979 da yake da 39.

Helena Bonham Carter

A nan ne aka fi ce-ce-ku-ce. Bonham Carter ita ce abokiyar zaman Burton a lokacin, don haka zargin son kai yana jiranta tun ba ta buɗe baki ba. Ta yi watanni tana koyon waƙa a wajen malami Ian Adam, ta yi gwaji kamar sauran masu nema, aka naɗa aka kai wa Sondheim, shi ne ya zaɓe ta. Ta kuma koyi murza ƙullu da gaske, saboda waƙarta ta farko ana rera ta ne hannu na aiki, kowane bugun muciya a kan tebur yana faɗawa daidai da kiɗa. Tana da juna biyu a wani ɓangare na ɗaukar.

Lansbury tana da shekara 53 lokacin da ta taka matsayin, kuma ta yi shi ne a matsayin mace mai surutu da barkwanci, wadda 'yan kallo ke dariya da ita kafin su farga da abin da suke yi wa dariya. Bonham Carter, mai shekara 40, ta mai da ita gajiyayyar mace mai zurfafan idanu, wadda son Todd ya cinye. Wannan ya ƙara wa ƙarshen labarin ciwo, ya kuma rage masa dariya. Masu sukar ta sun ce muryarta ba ta da nauyi, wasu kalmomin na ɓacewa a wuraren sauri, kuma ba a rasa gaskiya a maganarsu ba. Waƙar da Todd da Misis Lovett ke lissafa ɗanɗanon naman masu sana'o'i daban-daban, wadda a dandamali takan sa zaure ya ɓarke, a fim ta koma hira a hankali ta bakin taga.

Sauran

Alan Rickman ne alƙali Turpin, Timothy Spall kuma ɗan korensa Bamford. Dukansu gogaggu ne a wasan Burtaniya, ba a waƙa ba. An cire waƙar da alƙalin ke dukan kansa da bulala saboda sha'awar yarinyar da yake riƙo, sai Rickman ya nuna lalacewar mutumin da kallo da jan magana. Rickman da Spall da Bonham Carter duk sun fito a jerin finafinan Harry Potter, abin da ya sa fuskokinsu ba baƙi ba ne ga matasa.

Sacha Baron Cohen, wanda sunansa ke tashe a barkwanci a 2006, ya fito a Pirelli, wanzamin bogi mai shigar Italiyawa. Zaɓi ne da ya zauna daidai, tunda sana'arsa ita ce aron harshe da kamannin wasu, Pirelli kuma mayaudari ne da ke ajiye harshen aro da zarar an rufe ƙofa.

Matasan masoya biyu an ba sababbin fuska ne: Jamie Campbell Bower a Anthony, Jayne Wisener 'yar Arewacin Ailan a Johanna, 'yar Todd da alƙalin ke riƙo. An datse rabonsu sosai. Ƙwararriyar mawaƙiyar dandamali a cikin manyan 'yan wasan ita ce Laura Michelle Kelly, wadda ta ci lambar Olivier, kyautar wasannin dandamali ta Burtaniya, a 2005, sai ga shi an ba ta matsayin mahaukaciyar mabaraciya mai ɗan abin rerawa kaɗan.

Sauyin da ya fi taɓa ma'anar labarin shi ne na Toby, yaron Pirelli. A dandamali babban mutum ne ya saba taka shi a matsayin saurayi mai ƙarancin wayo. Burton ya ba Ed Sanders, yaro ɗan kimanin shekara 14. Da haka alkawarin da Toby ke yi wa Misis Lovett cewa zai kare ta ya zama na ɗa ga uwa, kuma askar da ta ƙare labarin a hannun yaro take.

Akwai waɗanda aka ɗauka ba a gan su ba. An shirya Christopher Lee da Peter Bowles da Anthony Head su fito a fatalwowi masu rera waƙar da 'yan amshi ke buɗe wasan da ita. Daga baya aka jingine waƙar, aka bar kiɗanta kawai. Head ne kaɗai ya rage, yana faɗin 'yar magana a kasuwa.

Karɓuwa

An ɗauki fim ɗin a situdiyon Pinewood na Ingila, tsawonsa minti 116. An kashe kimanin dala miliyan 50, ya kawo sama da miliyan 150. Ya ci lambar Golden Globe ta fim mafi kyau a rukunin waƙa ko barkwanci, Depp ya ci ta gwarzon ɗan wasa a rukunin, Bonham Carter ta shiga takara. A Oscar an sa Depp cikin 'yan takara amma Daniel Day-Lewis ya ɗauka. Lambar Oscar da fim ɗin ya samu ta tsara wuraren ɗauka ce, ta Dante Ferretti da Francesca Lo Schiavo.