Sanyin Jos, Rufaffen Ɗaki da Tukunyar Gas

Assalamu alaikum, jama'a. Hunturu ya kama, kuma kowa ya san sanyin Jos. A zagayen da muke yi gida-gida a Gangare da Unguwar Rogo, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tukunyar gas a ɗakin kwana, taga a rufe, har da tsumma a ƙarƙashin ƙofa.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya zurare ba ya tashi kamar hayaƙi. Kwanciya yake yi a ƙasa, ya taru a lungu da ƙarƙashin gado, daidai inda yaranmu ke barci a tabarma. Da ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar ɗakin, tartsatsi ɗaya ya isa ya sa shi ya kama da wuta. Asalinsa ma ba shi da wari. Wannan ɗoyin mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da gangan ake sa masa domin hanci ya faɗakar da mu.

Don haka Hajiya, in kin ji warin, kada ki taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. Kada ki ƙyasta ashana wai neman inda yake fita, don Allah. Rufe kan tukunyar, buɗe ƙofa da taga, fita da yara, sai kin kai waje ki kira lambar gaggawa ta 112. Gwajin yoyo da kumfar sabulu ake yi: a shafa a tiyo da bakin tukunya, inda ta yi ƙwai-ƙwai nan ne matsalar.

Maigida, kai ma da naka. Mun saba cewa mai gas ya cika maƙil don kada a cuce mu, alhali dole a bar sarari, domin ruwan gas kumbura yake yi in ya ji zafi. Tukunyar da ta yi tsatsa ko ta haura shekara 15, a rabu da ita. Ku guji shagon da ake juye gas daga tukunya zuwa tukunya a tsakiyar jama'a. Fashewar shagon gas a Sabon Tasha, Kaduna, a Janairun 2020, ita ta ci ran Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya a lokacin, da wasu bayin Allah.

In ƙuna ta faru, Allah ya kiyaye, ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara wa wurin na minti 20. Ban da ƙanƙara, ɗanyen ƙwai, manja ko man goge baki. A rufe da tsaftataccen ƙyalle, a wuce asibiti nan take.