Atisayen Kan Tudu

Atisayen kan tudu dabara ce ta shirya ɗan wasa, inda zai je ya tare na 'yan makonni a wuri mai bisa, galibi mita 2,000 zuwa 2,500 daga doron teku, domin jikinsa ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Masu gudun dogon zango da 'yan tseren keke da masu ninƙaya ne suka fi riƙo da ita.

Abin da ke faruwa a jiki

Oksijin kashi 21 cikin ɗari ne na iska, ko a bakin teku ko a ƙololuwar dutse. Sai dai a tudu iskar takan yi shara-shara, don haka oksijin da ke shiga jini a kowane numfashi bai kai na ƙasa ba. Da ƙoda ta ji wannan ƙarancin, sai ta ƙara fitar da sinadarin EPO, shi kuma ya sa ɓargo ya ƙera sababbin jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne ke dakon oksijin zuwa tsoka. EPO yakan tashi cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ƙaruwar jinin sai an yi mako uku zuwa huɗu. Wanda ya hau da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jikinsa, wahalar banza zai sha, domin ɓargo ba ya ƙera jini sai da shi.

Gasar Mekziko ta 1968

Gasar Olamfik ta 1968 a birnin Mekziko, mai bisan kusan mita 2,240, ita ce ta sa masana suka duƙufa a kan lamarin. A tseren mita 10,000 Naftali Temu na Kenya ya ci zinare, yayin da Ron Clarke na Ostireliya, mai riƙe da tarihin duniya a lokacin, ya zo na shida, ya yanke jiki ya faɗi a ƙarshen tseren har sai da aka sa masa oksijin. Kipchoge Keino na Kenya ya doke Jim Ryun na Amurka a mita 1,500, Mamo Wolde na Habasha kuma ya lashe gudun yada-ƙanin-wani. Masu gajeren gudu da masu tsalle kuwa gaba ta kai su, domin iskar ba ta tare su sosai: a nan Bob Beamon ya yi dogon tsalle na mita 8.90, wanda ba a karya ba sai a 1991.

A kwana a sama, a yi gudu a ƙasa

Tudu yana da nasa cikas. Jini yana ƙaruwa, amma ɗan wasa ba ya iya gudu da ƙarfin da ya saba, ƙafarsa sai ta yi sanyi. A 1997 Benjamin Levine da James Stray-Gundersen suka wallafa binciken da suka yi a jihar Utah ta Amurka a kan 'yan tsere 39 na tsawon mako huɗu. Sun kasa su gida uku. Wasu suka zauna a mita 2,500 suna atisaye a can, wasu suka zauna a can amma suna saukowa mita 1,250 yin atisaye, sauran kuma aka bar su a ƙasa. Duk waɗanda suka kwana a tudu jininsu ya ƙaru, amma masu saukowar ne kaɗai suka rage lokacinsu a tseren mita 5,000, da kimanin daƙiƙa 13. Ga mai kallo wannan ba wani abu ba ne. A gasar manya kuwa ya isa ya raba mai lamba da wanda zai koma gida hannu rabbana.

Ƙasashen da ba su da manyan duwatsu sun nemo mafita. A Finlan, Heikki Rusko ya jagoranci gina ɗakunan da ake rage musu oksijin a farkon shekarun 1990, daga baya aka fito da tantunan kwana masu irin wannan aiki. Hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duba batun a 2006 ba ta haramta ba, alhali allurar EPO haramun ce a wasanni.

Ba a gama muhawara ba. Wani gwaji da Carsten Lundby da abokan aikinsa suka wallafa a 2012, inda aka ɓoye wa 'yan tseren keke ko iskar ɗakinsu ragaggiya ce ko ta yau da kullum, bai nuna wani fifiko ba. Sannan jiki suna ya tara: wani zai sauko da ƙarfi, wani kuma da rama da rashin barci.

Kenya da Habasha

Ana yawan danganta nasarar 'yan tseren Gabashin Afirka da tudu kawai, tunda garin Iten na Kenya yana kan mita 2,400, Bekoji na Habasha, mahaifar Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba, kuma kusan mita 2,800. Wannan bayani ya yi gajarta. Wasu mutanen Bolibiya da Nepal sun fi su zama a bisa, amma ba su mamaye tsere ba. Binciken Bengt Saltin a shekarun 1990 ya nuna cewa 'yan Kenya ba su fi takwarorinsu na Sikandinebiya zuƙar oksijin ba. Abin da suka fi su shi ne tattalinsa, wato suna gudu iri ɗaya da ƙaramin kuzari. A haɗa da atisaye mai tsanani cikin rukuni, da kuma ganin da matasa ke yi cewa tsere hanyar cin abinci ce.

Hatsari

Sabon hawa kan yi fama da ciwon kai, tashin zuciya da bushewar jiki a kwanakin farko. Mai ƙwayar sikila, ko da AS ne, yana iya samun toshewar jini a saifa. Hakan ta faru da Ryan Clark, ɗan wasan ƙwallon Amurka, bayan wasa a Denver a 2007, har aka cire masa saifa. Wannan ya shafi 'yan wasan Najeriya da Nijar, inda masu AS suke da yawa, don haka gwajin jini wajibi ne kafin tafiya sansanin tudu. Tudun Jos mai kusan mita 1,200 da na Mambila mai kusan 1,600 ba su kai bisan da aka fi amfani da shi wajen ƙara jini ba.