Waiwaye: "An Shafe Su" Ko "Sun Ɓace"? Musun Masu Fassara da Abin da Ya Faru a Yawuri

Duk mai fassara takardun ƙungiyoyin raya karkara a Birnin Kebbi, ko mai yin tafinta a tarukan bita, ya san kalmomin Turanci biyu da suka hana shi sakat a 'yan shekarun nan. Ɗaya, "visibility", daga gani aka samo ta, tana nufin jama'a su kasance inda ido zai kai gare su. Ɗayar, "erasure", daga goge rubutu ta fito, tana nufin a fitar da wata al'umma daga tarihi da lissafi da zance, kamar ba a taɓa yin ta ba. Musun ya fi zafi a Facebook, inda matasan Zuru da Yawuri da Kamba ke rubutu kan harsunan iyayensu. Wasu sun ce Hausa ba ta da waɗannan kalmomi, a aro su kawai a huta. Wasu sun ce tunanin Turawa ne aka lafta mana. Kowane ɓangare yana magana kamar jiya abin ya faɗo daga sama.

Farkon labarin sananne ne. Wajen 1930 aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta yi aikinta a Zariya. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sashen Hausa na BBC a 1957. A wannan shekarar ce kuma aka naɗa kwamitin Willink don sauraron koken al'ummomi marasa rinjaye, ya miƙa rahotonsa a 1958. Har yau "tsiraru" da "ƙananan ƙabilu" ake juya wannan magana da su, kuma ta biyun tana da aibi, domin "ƙarami" a Hausa ya haɗa ƙarancin yawa da ƙarancin daraja. A duk tsawon wannan zamani Hausa ce gadar da ke tsakanin Turanci da sauran harsunan Arewa. Jami'in mulkin mallaka da tafinta Bahaushe yake shiga ƙauye, sunan da tafinta ya faɗa shi ke shiga takarda. Da haka Lelna masu magana da C'lela suka zama Dakarkari a rubuce, Bareshe masu Tsureshe suka zama Gungawa, wato mutanen gungu, mazauna tsibiri.

Abin da ba a cika kawowa cikin wannan musu ba shi ne 1968, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, ruwan Kwara ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, kansa na arewa ya kai har Yelwan Yawuri. Sama da mutum 40,000 aka tasa daga ƙauyuka fiye da 200. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina sabuwa. Wannan kowa ya sani. Abin da ya samu Gungawa ne ba a tsayawa a kansa.

Kafin ruwa, zamansu a tsibirai da gaɓar kogi yake. Albasa suke nomawa da rani a bakin ruwa, da gero da dawa a tudu, ga su da kamun kifi. Zaman tsibiri shi ne katangar harshensu. Yaro zai tashi da Tsureshe a gida da gona da cikin kwalekwale, sai ranar kasuwa ya ji Hausa sosai. Tun kafin madatsar akwai masu barin tsibiri su musulunta, su zauna a gari, 'ya'yansu su tashi ana kiran su Yawurawa. Amma kaɗan-kaɗan ne, gida-gida.

Sabbin garuruwan a tudu aka gina su, da bulon siminti, an haɗa ƙananan ƙauyuka da dama wuri guda. Babu wanda aka hana yarensa, babu dokar da ta ce a daina. Abin da ya sauya shi ne wanda mutum zai gamu da shi in ya fito ƙofar gida. Tafkin ya jawo masunta daga nesa, har da Sarkawa, da dillalan kifi da na albasa, kuma harshen cinikin duka Hausa ne. Hanyar mota ta maye gurbin jirgin ruwa. Shekara takwas bayan nan, a 1976, shirin ilimin firamare kyauta ya kai aji kusan kowane ƙauye. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankin, to inda babu littafi ko ɗaya da Tsureshe, kuma malamin daga wani gari aka turo shi, zaɓi na biyu ne kaɗai mai yiwuwa. Aure tsakanin gidaje ya ƙarasa sauran.

Ga yadda abin yake a cikin gida guda. Kaka ta aiki jikanta da Tsureshe ya ɗebo mata ruwa. Ya ji sarai, ya ce "To, Kaka," ya tashi. Uwarsa tana jin duka biyun, amma in za ta yi masa faɗa da Hausa take yi, don ita ce ke shiga kunnensa da sauri. Shi wannan yaro in ya haifi nasa, ba shi da abin da zai miƙa sai gaisuwa da sunayen kifi. Masana harshe sun sa miƙa harshe daga iyaye zuwa 'ya'ya a gaban duk wani ma'auni na lafiyar harshe, a nan kuwa igiyar take tsinkewa. Har yanzu akwai ƙauyukan da Tsureshe ke raye a bakin yara, amma Kengawan wajen Kamba sun yi nisa a wannan hanya, mafi yawansu Hausa suke yi.

To wace kalma ce ta dace da wannan? A nan mai fassara ke tuntuɓe, kuma ba ƙarancin kalmomi ne ya kawo ba. Kalmar "erasure" ta Turanci suna ce a nahawu, ba aikatau ba, tana iya tsayawa ita kaɗai ba tare da an faɗi wanda ya aikata ba. Hausa da aikatau take tafiya, dole ka zaɓa. In ka ce "an shafe su", ka ce akwai mai shafewa, mai sauraro kuma zai tambaya wa ke nan. Ƙari a kan haka, a yankin da 'yan bindiga suka tashi garuruwa, kamar wajen Danko-Wasagu da maƙwabciyarmu Zamfara, "shafewa" kisan kiyashi kunne ke ji. Faɗin ta a rediyo kan maganar harshe kaɗai na iya ta da hankalin da ba a yi niyya ba. In ka ce "sun ɓace" ko "sun saje", ka ɗora musu abin, kamar su suka ga dama. "Gogewa" ta allon aji ce da saƙon waya, ba ta da nauyi. "Wankewa" kuwa kada ma a fara, domin almajiri sai ya haddace yake wanke allo, ci gaba ne. "Kankarewa" ta fi kusa da asalin kalmar, wadda a Latin take nufin karce rubutu daga kan abin da aka yi shi, amma tana nuna ganganci da ƙarfi. Ta dace da cire sunan wani gari daga takarda, ba ta dace da gidan kakar nan ba.

Kalmar ganin ma da nata tarkon. Wanda ya bi ƙa'idar nahawu zai rubuta "ganuwa", mai karatu kuma ya ga katangar birni, don boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Fitowa fili" da "bayyana" sun fi, sai dai suna karo da tarbiyya. Mu addu'armu Allah Ya rufa asiri, Ya suturta. Mai son a gan shi kuwa neman suna ko riya ake jingina masa. Tafinta ya tashi a taron mata ya ce manufar shirin ita ce mata su fito fili, sai ka ga dattijan da aka gayyato sun haɗe rai, don su maganar barin ɗakin aure suka ji. Da ya ce "a san da zamansu, a dama da su, a ji ta bakinsu", da babu mai musu. Bahaushe a kunne da lissafi ya ajiye wannan ma'ana, ba a ido ba. Su ma masu nakasa "a dama da mu" suke cewa.

Akwai kuma bambanci tsakanin a gan ka da a san da kai, kuma Kebbi ta isa shaida. Ana ganin kwalekwale a bikin Rigata na Yawuri, ana ganin rawa a Uhola ta Zuru, hotuna suna yawo a waya. Amma ƙidayar 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ba, saboda gudun irin rikicin da ya biyo bayan ƙidayar 1963 da ta 1973. Dalilin mai ƙarfi ne. Sakamakonsa dai shi ne duk adadin masu wani harshe da ka gani a rahoto kiyasi ne.

Ƙwararrun masu fassara ba sa neman kalma guda da za ta yi aiki ko'ina. Kafin su taɓa jimlar sai sun gano abu uku daga takardar: me ya salwanta (suna ne, harshe, gurbi a kasafi, ko ambato a littafin tarihi), akwai mai aikatawa ko babu, kuma su wa za su saurara. In suna ne aka cire da gangan, "an kankare". In mantawa ce, "ba a sa su a lissafi ba" ko "an yi ko oho da su". In wariya ce a rabon muƙami, "an mayar da su saniyar ware". In harshe ne irin na Yawuri, a bar neman suna a faɗi abin da ke faruwa: "yara sun daina tashi da shi". Daga nan sai a karanta wa wanda bai ga Turancin ba, a ce ya maimaita abin da ya fahimta, in ya ambaci kisa ko fallasa an san an kauce. Fassarar za ta fi asalin tsawo, don haka mai shirya sanarwar rediyo ta daƙiƙa 30 sai ya rage wani abu daban ya bar mata wuri. In kuma takardar ta ambaci al'umma, a rubuta sunan da take kiran kanta tukuna, Lelna ko Bareshe, sannan na Hausa ya biyo baya don mai karatu ya gane su wa ake nufi.